Shekarar Da Na Fasa Daɓen Hajiya

Na san kun sha jin labarin nan daga bakuna da yawa, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. A wajen dangin mahaifiyarku ni ne mutumin da ya ceci gida. A wajen wasu tsofaffin ƙauyenmu kuwa, har gobe ni ne ɗan bokon da ya zargi aminiyar uwarsa da binne asiri. Duka biyun ba haka abin yake ba, ko in ce ba daidai haka ba. Yanzu da na ajiye alli, gwiwa kuma ta fara ƙin hawa babur, na ga ya kamata in rubuta muku yadda na san shi, kai Abba, da ke Hadiza, da kai Umar, domin ko da yake ƙanena Lawal ne ya haife ka ban taɓa ware ka daga nawa ba. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda ban tabbata ba, kun san halina, zan faɗa.

A lokacin ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Ƙanƙara. Ɗaki ɗaya nake haya, shi ya sa na bar mahaifiyarku Binta da ku a gidanmu na gado, a ƙauyenmu da ke bayan Ruwan Godiya, ina zuwa duk ƙarshen mako. Mahaifinmu ya riga ya rasu. A suna ni ne mai gida tunda ni ne babba, amma kowa ya san mahaifiyarmu Hajiya ke riƙe da gidan, ni kuma hakan ya yi mini daɗi, don ban taɓa son yanke hukunci ba. Da yake ni ɗan fari ne, Hajiya ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ko muna zaune tabarma ɗaya sai ta juya wajen Binta ta ce a gaya wa Malam kaza. Lawal kuwa auta ne, shi take yi wa faɗa, shi take yi wa dariya. Mutum ne mai zafin nema da saurin zuciya, abin da zan kwana ina juyawa shi ya riga ya aikata ya wanke hannu.

Shekarar ce zinare ya shiga bakin kowa a yankinmu. Lawal ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi injin niƙa dutse, ya kafa shi a bayan katangarmu, dab da ƙofar baya. Ana kawo masa duwatsu a buhu daga dajin yamma, a niƙe su su zama gari, a wanke, a zuba zaiba ta tattara zinaren. Ragowar garin da aka wanke kuma sai a juye shi gefe, har ya zama tsibi ya kusa kai tsawon katanga. Na yi masa maganar ƙurar sau ɗaya ko sau biyu, a irin maganata ta "ina ganin kamar", ya ce to Yaya, ya ci gaba da harkarsa.

Ku da kuka tashi a kan siminti ba lallai ku san darajar daɓe ba. Hajiya ba ta yarda da siminti, ta ce sanyinsa ke kashe ƙafar tsofaffi. Ita a wajenta tsakar gida sai an zuba burji, an jiƙa shi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mata sun jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi ta yi ƙarfi kamar dutse. Bayan kaka ta waccan shekara matar Lawal, Rabi, tana da tsohon ciki, Hajiya kuma ta ƙudura ba za a yi suna a kan tsohon daɓe mai ramuka ba. Da ta leƙa bayan gida ta ga tsibin nan, ta damƙa ta ji laushinsa kamar garin tuwo, ga shi yana ɗan walƙiya, ga shi kyauta a bakin ƙofa, sai ta sa aka kwaso aka gauraya da burjin. Ta gayyato matan unguwa uku. Shugabar aikin ita ce Goggo Tambai, Bamagujiya daga unguwar da ke ƙetaren rafi, aminiyar Hajiya tun suna amare. Duk yankin babu wadda ta kai ta hannun daɓe, babu kuma wadda ta kai ta baki.

Ranar Juma'ar da na dawo na tarar da aikin, gaskiya ban taɓa ganin daɓe mai kyau irinsa ba. Sai da na cire takalmi a zaure. Ke Hadiza kina ta rarrafe a kai, kina tafa ƙasa da hannu kina kai wa baki, kai Umar kana jan gwangwani da zare. Na tsaya ina yabawa, sai rana ta karkato ta bugi tsakar gidan, na ga yana ƙyalli ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa kwalli. Na tambayi inda aka samo ƙasar, aka gaya mini. Nan take na daina yabon, domin a jami'a an taɓa nuna mana irin dutsen nan mai ƙyalli, aka ce mana uwar dalma ce. Na daɗe ina gyaran murya kafin na ce ina jin tsoro, ban dai tabbata ba, amma mai yiwuwa ƙasar nan tana da dalma irin ta dutsen kwalli.

Hajiya ta dubi Binta.

"Ki tambayi Malam, da mi aka yi mashi kwalli shina jinjiri? Da hannuna na niƙa dutsen na ranbaɗa mashi. Ga shi nan da digiri."

"Hajiya, ai ban ce lallai ba. Na ce mai yiwuwa."

"To ki ce mashi in ya gama yiwuwar ya zo ya ci tuwo."

Aka yi dariya, har da ni. Aka yi suna a kan daɓen, mutane suka yi ta santi, Hajiya ta yi ta nuna Goggo Tambai tana cewa ga mai hannun nan.

Abin da ya fara tafiya shi ne 'yan agwagin Binta. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa karkace wuya suna faɗuwa. Aka ce annobar kaji ce, ko da yake na lura na makwabta lafiyarsu ƙalau. Sai ke Hadiza kika daina cin abinci, kika yi fari, ga kuka ba dalili, ga bayan gida da ƙyar. Aka ce haƙora ne. A cikin wannan hali rediyo ta fara kawo labarin wasu ƙauyuka a Zamfara inda yara ke ta mutuwa a gidajen da ake niƙa dutsen zinare. Ina Ƙanƙara ina jin wannan, in tsaya gaban allo in manta abin da nake rubutawa. Sai wata ranar kasuwa aka kira ni a waya aka ce Umar ya faɗi a tsakar gida yana taune-taune, idonsa ya kafe. An kai ka ƙaramin asibiti an yi maka allurar zazzaɓin sauro, ka farfaɗo, amma da na zo na same ka shiru, kai da bakinka ba ya hutawa. Na kira sunanka sai da na maimaita kafin ka waigo.

Na kankaro ƙasar daga kusurwar da ba a gani na cika gwangwanin madara, na ɗebi ta tsibin a wani, na bi ta Mairuwa da Funtuwa na tafi Zariya wajen abokina Isiyaku. Tare muka yi karatu, shi ya zauna a ɗakin gwaje-gwaje. Ya zazzage ƙasar a tafin takarda ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya wanke hannu da sabulu, abin da ya fi kowace magana tayar mini da hankali. Ya ce injin da ke gwadawa akwai layi a gabansa, sai na yi haƙurin wasu makonni. Muka zauna ya tuna mini abin da na sani amma nake gudun tunawa. Jiki ba ya gane dalma a matsayin baƙuwa. Yana ɗaukarta kamar sinadaran da yake gina ƙashi da jini da su, ya shigar da ita inda suke shiga, ita kuma ta zauna a gurbinsu ba ta yin aikinsu. Jini ya ragu, hanji ya ƙulle, ƙoda ta wahala. Cikin yaro ya fi na babba tsotse ta, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa, abin da ya rushe a nan ba lallai ya dawo ba. Ya ce irin wannan dutse kuma ba dalma kaɗai yake ɗauke da ita ba, sau da yawa akwai arsenik, wanda shi ba ya gaggawa, yana bin ƙwayoyin jiki yana ɓata tsarinsu a hankali, sai bayan shekaru a ga ciwon daji a fata ko huhu ko mafitsara.

"To amma ba mu tabbata akwai su a wannan ba," na ce.

"Ba mu tabbata ba."

"Kuma zazzaɓin sauro ma yana sa taune-taune."

"Yana sawa. Kai dai ba ka canza ba tun muna aji ɗaya. Ni ba zan ce maka komai da sunan ofis ba sai inji ya faɗa. Amma da 'yata ce ke rarrafe a kan wannan, ba zan jira inji ba."

A mota ina dawowa na samo wa kaina mafita mai sauƙi. Zan kwashe Binta da ku biyu mu matsu a ɗakina na Ƙanƙara, in ce makaranta ta matsa mini, ba wanda zai ji haushi. In sakamako ya fito sai in yi magana da hujja a hannu. Na sami Binta tana tankaɗe na shimfiɗa mata wannan dabara, ina jin daɗin kaina. Ba ta ɗago ba.

"Umar fa? Da jaririn Rabi da ake shimfiɗewa a ƙasa in za ta yi wanka?"

"Ai su suna da ubansu."

"Malam, in ka yarda akwai guba har za ka gudu da naka, to ka yarda. In ba ka yarda ba, ka bar mu nan mu zauna. Ni dai ba zan hau mota ina kallon yaron can a bakin zaure ba."

Na ce mata ba ta gane ba, in na fasa daɓen nan sakamako ya zo babu komai, da wane ido zan dubi Hajiya. Ta ce da idon da zan dube ta in sakamako ya zo akwai, alhali na kwashe nawa na bar sauran. Mahaifiyarku ba ta yi karatu mai nisa ba, ba kuma ta san dalma ba, ta dai san ni.

Washegari da hantsi na tara Hajiya da Lawal a rumfa, na yi abin da ban taɓa yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Na ce a matsayina na babba na yanke za a kwashe yara da mata zuwa gidan kawunmu, za a fasa daɓen nan a kwashe ƙasarsa, inji kuma zai bar bayan gida. Lawal ya miƙe tsaye.

"Yaya, ka tabbata?"

"Ban tabbata ba."

"Ba ka tabbata ba za ka tashe ni? Na sayar da shanuna, kai kana da albashi. Ka kawo takardar likita in gani."

"Babu takarda tukuna. In ta zo ta ce na yi kuskure, zan tsaya gaban masallaci in faɗa da bakina. Amma yau za a fara."

Hajiya ba ta yi wa Binta magana ba a wannan karon, ba ta yi wa kowa ba. Ta tashi ta naɗe tabarmarta, ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kayanta a ka, ta bi jikokinta gidan kawu.

Ban sami mai taya ni a ƙauyen ba, sai leburori biyu na ɗauko daga Faskari. Muka jiƙa tsakar gidan sharaf don kada ƙura ta tashi, muka ɗaure hanci da ƙyalle, muka sa diga. Daɓen ya yi ƙarfi har diga tana tsalle. Kowane sara ina jin kamar a jikin Hajiya nake yi. Muka kankare har sai da muka kai jar ƙasa ta asali, muka ɗure a buhunan taki muka jera a bayan gida muka rufe da leda, muka wanke bango da ɗakuna.

Akwai abin da duk lissafina bai kawo mini ba, ni da nake taƙamar hango matsala tun daga nesa. A ƙauyenmu ba a fasa lafiyayyen daɓe sai da dalili ɗaya, wato in ana zargin an binne wa gida wani abu. Yaro ya faɗi yana taune-taune, agwagi sun mutu, sai ga mai gida ya kwashe iyali ya ɗauko baƙi daga wani gari suna tonon tsakar gida fuska a rufe. Ba wanda ya tsaya jin maganar dalma. Kafin mu gama labari ya gama gari cewa Malam ya je Zariya an duba masa, an ce akwai laya a ƙarƙashin daɓe. Wa ya shugabanci daɓen kuma? Bamagujiya. Wasu har sun ga ƙahon da muka tono, wasu sun ce tukunya ce. Matan da ke sayen daddawar Goggo Tambai suka daina. Yara suka fara gudu in sun hango ta a hanyar rafi. Hajiya ta aiko Binta ta gaya mini magana ɗaya, cewa daɓe nata ne ta yafe, amma abin da ya sami Tambai ba ta yafe mini ba sai na gyara.

Na ƙetare rafi da rana tsaka na same ta a gindin ɗorawa tana ɓarzar kalwa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta bar ni a durƙushe.

"A'a, ɗan boko ne? Ka zo da digar ko tana baya?"

"Goggo, na zo ba da haƙuri ne. Wallahi ban taɓa kawo ki a raina ba."

"Ni na yanke maka cibiya. In da ina da abin binnewa, ai tun ran nan zan binne ka in huta. Mi ka tono?"

"Ƙasa kawai."

"To ƙasa mi ta yi maka?"

Na zauna na yi mata bayani iya yadda zan iya, ba tare da sunayen makaranta ba. Na ce dutsen da Lawal ke niƙawa ina jin akwai guba a cikinsa tun daga inda Allah Ya halicce shi, ba wanda ya sa, ba ta da wari ba ta da ɗaci, tana bin hannun yaro zuwa bakinsa. Na gaya mata yadda agwagi suka yi, da yadda Umar ya koma. Ina cikin magana na ga hannunta ya tsaya a kan dutsen niƙa. Ta tambaye ni ko agwagin suna karkace wuya kafin su faɗi. Na ce haka ne. Ta tashi ta ɗaga asabarin ɗakinta. Ƙasan ɗakin yana ƙyalli ɗigo-ɗigo. Ashe da aka gama namu ta roƙi Hajiya ragowar, ta daɓe ɗakin da take kwana da jikokinta.

"Zabina huɗu haka suka mutu," ta ce. "Na ce ko muzuru ya tsorata su. Ka tabbata, ɗan nan?"

"Ban tabbata ba, Goggo."

"Kai dai ko sunanka aka tambaye ka sai ka ce mai yiwuwa. Tashi ka ɗauko digar."

Ita ta fara sara da hannunta, ƙofa a buɗe, tana kiran duk wanda ya gifta ya zo ya ga Tambai tana tonon asirin da ta binne wa kanta. Mutane suka taru suna dariya, wasu suna jin kunya. Ba zan ce maganar ta mutu gaba ɗaya ba, tunda ga shi har ku kun ji ta, amma daga ranar aka koma sayen daddawa. Wasu mata biyu kuma suka zo a ɓoye suka ce su ma sun ɗebi ƙasar tsibin sun shafe murhu.

Sakamako ya zo bayan mun gama duk wannan. Isiyaku ya kira ni ina tsakiyar darasi, na fita baranda. Ya ce akwai dalma, ba kaɗan ba, akwai arsenik ma, a kawo yaran a auna jininsu. Zan gaya muku gaskiya, abin da na fara ji shi ne sanyi a raina cewa ban fasa daɓen uwata a banza ba, sannan tsoro ya biyo. Muka kwashe ku zuwa asibiti har da jikokin Goggo Tambai. Ke Hadiza da kai Umar aka riƙe ku aka ba ku maganin da ke jawo dalma daga jini ta fita ta fitsari. Likitar ta ce maganin ba ya amfani in yaro zai koma kan ƙasar da ta ba shi ciwon, ta tambaya ko za a iya kwashe ta. Na ce an riga an kwashe. Ta ɗago ta dube ni, ta ce wa ya ce a kwashe. Na ce ba kowa.

Lawal ya zo asibitin ya zauna a bakin gadon ɗansa. Ya sayar da injin da asara, ya ce ba zai iya zama a garin da ake nuna shi ana cewa ga wanda ya kawo guba ba. Kafin damina ya kwashe Rabi da jaririn ya koma Sabuwa wajen surukansa ya kama noman masara. Kai Umar ya bar ka a hannuna saboda komawa asibiti, daga nan kuma zama ya miƙe. Ina so ku sani ban kori Lawal ba, shi ma bai yi don mugunta ba, neman halak ya fita kamar kowa. Amma tafiyarsa ta ci Hajiya. Autanta ne. Ta dawo gida, an sake daɓe da burji zalla, ita da Goggo Tambai suka ja waƙa har suka sa ni a ciki, wai malamin da ke tsoron ƙasa. Duk da haka har ta bar duniya in an yi tuwon da Lawal ke so sai ta yi shiru. Wannan shi ne kuɗin da aka biya, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Shekaru sun gyara abin da za su iya. Ni da Lawal yanzu muna waya kusan kullum, yawanci ina yi masa mitar ya je a duba ƙodarsa da hawan jininsa, shi kuma yana cewa Yaya ka fara. Mutumin da ya ɗauka aiki, wanda ke tsayawa a bakin injinsa yana shaƙar ƙurar ya rasu da ciwon daji na huhu bayan shekaru. Ko dutsen ne, ko tabar da yake sha, ko kwana ne ya ƙare, ban sani ba, ba kuma zan ɗora wa kowa ba. Na faɗa ne don ku ukun ku riƙa zuwa ana duba ku ko kuna jin lafiya, ku gaya wa likita abin da kuka taka kuna yara. Kai Umar karatu ya yi maka nauyi, na sha zama ina tunanin ko da na yi magana da ƙarfi tun ranar da na ga ƙyallin da abin ya zo da sauƙi. Mai yiwuwa. Amma na ga shagon ɗinkinka a Ƙanƙara, na ga yadda ake layi gabanin salla, na ga 'ya'yanka. Ke Hadiza kin zama abin da kika zama. Idan na zauna da yamma jikoki suna hawa kaina, ba ni da abin cewa sai godiya ga Allah.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta fi sa ni ɗaukar biro. Buhunan nan na gidanmu da na Goggo Tambai, da tsibin da Lawal ya bari, sai da aka rasa inda za a kai su. Ba mai yarda a zuba a gonarsa, ba kuma zan zuba a rafi ko a daji inda shanu ke kiwo ba. Da shawarar Isiyaku na zaɓi tudun da ke gabashin gonata ta gado, nesa da rijiya, inda ruwa ba ya kwanciya. Muka haƙa rami mai zurfi, muka shafe cikinsa da yumɓu, muka zuba, muka rufe da yumɓu da jar ƙasa, na jera manyan duwatsu a kai. Shi ne wurin nan da kuke tambayata kuna yara me ya sa ba a nomawa, in ce muku fako ne. Ba fako ba ne, da can gero yake yi har ya fi kaina. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta tsufa, yadda muka zuba ta haka take a yau.

Idan ta Allah ta kasance aka zo rabon gado, wani zai dubi tudun nan ya ce ga fili a bakin hanya yana zaman banza. Zai ce a yi bulo da ƙasarsa, ko a haƙa rijiya, ko a sayar wa mai gina gida. Zai ce tsohon nan dama komai tsoro yake ji, kuma ba zai yi ƙarya ba. Kada ku raba shi, kada ku sayar, kada ku bari a ɗaga duwatsun. Ku kai 'ya'yanku ku nuna musu da hannu, ku gaya musu abin da ke ƙasa, su ma su gaya wa nasu. Na shafe rayuwata ina cewa mai yiwuwa, kun sha yi mini dariya a kai, ban kuma ji haushi ba. Wannan kam na tabbata.